Injiniya da Baƙin Zare

A gyara zama, masu tari su yi tarinsu tun yanzu. Zan gabatar muku da Babban Injiniyan layinmu, Likitan Ƙarafa, Mai Jin Yaren Inji, wato mijin yayata. Shekara ashirin da shida ya yi yana tsaron sito a ofis, yana raba wa ma'aikata biro da tsintsiya. Ranar da ya ajiye aiki ya sayi tsohuwar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu, irin mai shiga laka ta fito tana dariya. Washegari ya sayi jan akwatin sifanu da rigar aiki mai aljihu tara. Kwana biyu tsakani ya zama Injiniya. Mu da muka tsaya a aji huɗu ba mu san ilimi na da sauri haka ba.

Makarantarsa waya ce. Yana kallon bidiyon gyaran mota, amma rabi-rabi, don a cewarsa mai basira ba ya jira a ƙarasa masa magana.

Ran nan Yaya ta yi sammako ta cire dashen tumatirinta, ta jera a kwanduna a bayan motar, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu, ta ajiye bokitin ruwan yayyafi a gefe. Wata guda ta yi tana rainonsa. Gonar tana hayin rafi, kuma ba motar da ke iya wannan hanyar sai ta Injiniya. In dashen bai shiga ƙasa yau ba, bana ba tumatir.

Har ta yafa mayafi, sai Injiniya ya ɗaga hannu.

"Uwargida, dakata. Ba a shiga rafi da tsohon mai a difa. Difa kuwa, don amfanin waɗanda ba su yi nisa a karatu ba," ya dube ni, "ita ce tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya. Ita ke raba wa kowace taya haƙƙinta. Minti goma kacal."

Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin mota da irin natsuwar likita mai shiga ɗakin tiyata. A faɗi gaskiya, ya tsiyaye tsohon man lafiya a kwano, ya ɗura sabo, har da ƙari don kyauta. Saura mayar da notin da ke toshe ƙofar zuba man. Kowane bakanike da yatsu yake fara ɗaura shi, ya ji ya hau daidai, sannan ya kawo sifana. Injiniya ya ce yatsu na 'yan koyo ne. Ya ɗora notin a karkace, ya kama shi da sifana. Noti ya cije. Injiniya ya zura wa sifanar dogon bututu.

"Ƙarfe ba ya son lallashi," in ji shi daga ƙasa. "Sai ya san wa ke gaba da wani."

Ya ja, ya ƙara ja, ya tokare ƙafa da taya ya ja. Sai noti ya sallama gaba ɗaya. Ya koma juyi kamar fanka, ba shiga ba fita, mai yana gangarowa ta hannun rigar mai aljihu tara. A haka in aka shiga rafi, mai ya fita, ruwa ya shiga, difa ta niƙe haƙoranta a tsakiyar daji.

"Irin na zamani ne," ya sanar. "Ba ya ɗauruwa duka, don ya riƙa numfashi."

"To me ya sa yake hawaye, Baban yara?" in ji Yaya.

Injiniya ya tuna yana da uzuri a bayan gida. Can ya kira tsohon bakaniken bakin titi, wanda kullum yake ce wa ɗan gargajiya. Wayarsa kuwa ba ta iya raɗa ba, har ta kan katanga ana ji.

"Zaren ne ya cinye, yallaɓai," in ji tsohon. "Sai an yi masa sabon zare. Abin da za a yi shi ne..."

"Haka na ce ni ma." Ƙit, ya kashe.

To a wurin kanikawa, zare shi ne layin nan da ke murɗe a jikin noti da cikin raminsa. Wannan ko ni na sani. Injiniya ya dawo yana taku ɗaiɗai.

"Na kammala bincike. Matsalar zare ce. Uwargida, buɗe mana keken ɗinkinki."

Yaya ta dube shi. "Wane launi?"

"Baƙi mana. Fari zai yi datti."

Ƙwarya guda ta zare ya naɗe wa notin, yana yi yana bayani a kan yadda manyan kamfanoni ke ɓoye wa talaka ƙananan dabaru. Ya cusa shi, noti ya tsaya cak. Ya fito ya karɓi gaisuwar maƙwabta, ya tayar da mota. Ko ɗumi inji bai yi ba muka ji ƙwal a cikin kwanon tsohon mai. Ga noti can kwance, zare na binsa kamar jelar ɓeran da ya faɗa rijiya.

Rana ta ɗaga. Yaya ta buɗe gefen buhu, ta ga dashenta duk sun sunkuyar da kai. Ta ɗauki wayarta ta kira tsohon bakanike.

Tsohon bakanike ya iso a kan babur da ɗan gwangwanin kayan aikinsa. Ya tsamo notin da yatsa biyu, ya juya shi.

"Wa ya yi wa noti kitso?"

"Gwaji ne na kimiyya," in ji Injiniya.

Tsohon ya kwanta a kan kwalin. Ya goge ramin, ya ciro wani ƙarfe mai haƙora na yanka zare, ya shafe shi da giris don ɓarɓashi ya manne a jiki kada ya faɗa cikin difa. Ya murza gaba kaɗan, ya dawo baya kaɗan, ya ciro ya goge, ya sake. Ba gaggawa, ba jawabi. Jawabin yana sama, inda Injiniya ya goya hannu a baya yana wa maƙwabta fassara.

"Kun gani ko? Sabon zare. Abin da nake faɗa tun safe. Ni da shi ra'ayinmu ɗaya, kayan aiki ne kawai suka bambanta."

Tsohon ya kawo sabon noti da ya ɗan fi na da kauri, ya murza shi da yatsu har ya zauna, ya ɗan taɓa shi da sifana sau ɗaya. Ko ɗigo babu. Injiniya ya miƙo masa bututu.

"Abokin aiki, a ƙara masa ƙarfi?"

Tsohon ya karɓi bututun, ya ɗaure a bayan babur ɗinsa. "Zan ajiye maka," ya ce, ya tafi.

Injiniya ya karkaɗe riga, ya gyara murya, ya nufi ƙofar direba. Sai ya tarar Yaya na zaune a kan sitiyari, ta riga ta jawo kujera gaba.

"Uwargida, ai ni ya kamata in tuƙa. Bayan babban aiki irin wannan, dole ƙwararre ya riƙa sauraron difa a hanya, ya ji yadda take amsawa."

Yaya ta saka giya.

"Difar tana baya. Hau can ka saurare ta, ka riƙe min bokitin ruwa."