Ranar da Domnika Ta Koma Barci

"Sannu da zuwa, ƙashi da rai! A birnin naku iska kuke ci?"

"Yawwa, tsohuwa mai ran ƙarfe. Na ɗauka zan tarar an kai ki gidan tarihi."

Ni Saveta ina bayan shinge ina shanya, ba laɓe na yi ba, muryoyinsu ne suka same ni. Shekara arba'in muna maƙwabtaka da Domnika. Jikanta Horia ne ya sauka daga motar birnin Kuluj, inda yake aikin jinya. Ya zo addu'ar shekara ta marigayi kakansa Gligor, mijin Domnika, wadda za a yi ran Asabar.

Abin da ke cin Domnika kuwa kowa ya sani. A al'adarmu, in mamaci ya zo maka a mafarki yana neman abu, sai ka ba wani mai rai, ya isa gare shi. To, Gligor ya zo mini sau biyu, ya je wa mai kaɗa ƙararrawar coci sau ɗaya, amma matarsa ko leƙe. Ga Asabar ta matso, ba ta san abin da za ta bayar da sunansa ba.

Ta dire wa Horia tuwon masara da cuku a teburin tsakar gida, ta ce, "Ci, kada iska ta kwashe ka a ce ni na yi sakaci."

"Wannan tuwon ko bulo? Da shi kika ƙarasa Kaka Gligor, ko?"

"Shekara hamsin da biyu yana ci yana lashe cokali, ja'iri."

"Shi ya sa yanzu gidan Inna Saveta yake zuwa."

Kai! Na so ƙasa ta tsage in shige. Domnika ta kau da kai, ta hau goge tebur. Shi ma ya gane ya taka inda ke ciwo, sai ya sassauta murya.

"Kaka, ƙarfe nawa kike tashi?"

"Huɗu, kamar kowane mai mutunci."

"Sai kuma me?"

"Sai in hura murhu in tatsi awaki. Ko kai za ka tatsar mini da waɗannan yatsun naka kamar taliya?"

"To ai ke kike rufe masa ƙofa. Barci zagaye-zagaye yake yi, kowanne kamar awa ɗaya da rabi. Dogon mafarki sai can gaban safiya yake zuwa. Lokacin da tsoho zai ɗaura takalmi ya taho, ke kina ƙarƙashin akuya."

"Ji ƙarya! A asibitin ake koya muku?"

"Ni da nake aikin dare, barcina da lissafi nake yinsa. Ki tashi ƙarfe huɗu yadda kika saba, ki zauna kamar minti ashirin kina tunaninsa, kina ce wa kanki, in na gan shi zan san mafarki nake. Sai ki koma ki kwanta. In an dace, za ki gane kina cikin mafarki, har ki tambaye shi abin da kike so."

"In koma in kwanta? Ni? Rana ta fito ta same ni a gado kamar matar gwamna? Ko ranar da na haifi ubanka sai da na yi tatsa."

"Shi ya sa ya fito yana warin akuya."

"Kai ka gaje shi! To ta yaya zan san mafarki ne, malam likitan barci?"

"In kin ga abin da ba ya faruwa a zahiri. Misali, ki ga kanki da haƙora."

Ta jefe shi da tsumman goge tebur. "Awakin fa?"

"Ni zan tatsa."

Ta yi dariya har da tari. "Wallahi don in ga wannan kaɗai ma zan yarda."

Washegari ƙarfe shida na duba bututun hayaƙinta, babu hayaƙi. Bakwai, babu. Shekara arba'in ban taɓa ganin haka ba. Na yafa mayafi na ruga. A bakin garke na ci karo da Horia, wando duk madara, yana ɗingishi, bokitin ko rabi bai kai ba.

"Inna Saveta, don Allah kada ki ƙwanƙwasa. Barci take."

Muka zauna a dakali muna jira kamar masu layin ganin likita. Sai wajen tara ta fito, gashi a hargitse, ta ɓoye hannu ɗaya a baya. Ta leƙa bokitin.

"Wannan madarar ko hawayen akuya?"

"Baƙar nan ba akuya ba ce, soja ce. Ke dai faɗa mana, ya zo?"

"Ya zo."

"Kin gane mafarki ne?"

"Nan take. Yana zaune a wannan teburin, na ce masa ƙofar garke a karkace ka kafa ta. Ya ce, kin yi gaskiya, Domnika. Na ce a raina, to, wannan kam mafarki ne."

Muka fashe da dariya, ni har da riƙe ciki. Horia ya ce, "Sai kika tambaye shi abin da yake so?"

"Ina! Sai da na fara jero masa na shekara hamsin da biyu, yana ta cewa kin yi gaskiya. Wa zai bar wannan dama?"

"Kaka! Duk shurin da na sha a banza?"

"Yi mini shiru." "Ban tambaya ba, na gani da idona. Kansa ba hula, yana ta shafa kunnuwa. Mutumin da ko a coci sai na zungure shi yake cire ta. Ni ce na hana a sa masa ranar jana'iza, na ajiye ta ƙarƙashin matashina."

Ta fito da hannun. Baƙar hular fatar tunkiya ce ta Gligor, wadda duk ƙauyen nan ya sani.

"An ce a ba wa abin tausayi. Na duba garin nan kaf, ban ga wanda ya kai ka ba."

Ta kifa masa ita a ka, ta sauko har kan hancinsa. Ta ja baya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta gyara masa ita ta karkata hagu, yadda mai ita yake sawa.

"Gobe ma kai za ka yi tatsa," in ji ta. "Ban gama da shi ba."

Daga ƙarƙashin hular ya ce, "Kin yi gaskiya, Kaka."