Ranar da Na Yi wa Uwa Wa'azi a Kan 'Yarta

Na manta abubuwa da yawa na wancan aikin, amma ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Gubuchi ba. An ɗauke mu aikin wani bincike ne kan lafiyar yara masu tasowa: mu bi gida-gida, mu auna tsawo da nauyi, mu gwada jini, mu cike amsoshi a waya. Horon kwana uku kacal aka yi mana a Makarfi, amma yadda nake taku sai ka rantse babbar likita ce (har da gilashi, alhali idona garau yake).

A wani gida na gwada wata yarinya mai suna Sa'ade, 'yar shekara goma sha huɗu. Tafin hannunta fari fat, na'ura kuma ta nuna jininta ya yi ƙasa sosai. Dole a kai ta asibiti, dole kuma wani babba ya ba ni bayani. Na juya wurin matar da ke surfen masara a tsakar gida. Na tambaye ta yaushe yarinyar ta fara jiri, ta ce in tambayi tsohuwa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na ce ta lissafo min 'ya'yanta. Ta ambaci huɗu, babu Sa'ade a ciki.

Nan take na yanke hukunci cewa marainiya ce ake riƙo. Raina ya ɓaci. Na ajiye waya, na gyara mayafi, na hau wa'azin haƙƙin maraya a gaban matan maƙwabta da suka shigo kallo. Na rufe da cewa, "Baiwar Allah, da ke kika haife ta ba za ki bar ta haka ba."

Taɓarya ta tsaya. Kakar yarinyar, wadda ke gefe tana ɓarar gyaɗa, ta dube ni a hankali ta ce, "Malama, ai ita ta haife ta. 'Yar fari ce."

Tsohuwar ta ƙara da cewa uwar ce ta matsa har aka je gidan mai unguwa sau biyu don kada mu tsallake gidansu. Ita ke dafa zogale kullum da safe, ta miƙa wa kakar ta ba yarinyar, kamar ba daga hannunta ya fito ba.

Na ji kamar in nutse. Abin da ya fi ƙona min rai, ni ma 'yar fari ce, kuma har yau ban taɓa jin sunana a bakin Innata ba. Kunyar da na tashi a cikinta ce na kasa ganewa, don kawai babu gurbinta a tambayoyin da ke cikin waya.

Na durƙusa na ba uwar haƙuri, ta ci gaba da surfenta. Sai da na kai zaure ta biyo ni, murya ƙasa-ƙasa. "Malama, in an kai ta gobe, ba a makara ba ko?" Na ce in sha Allahu ba a makara ba. Washegari na gan su a asibiti: kaka a ciki tare da Sa'ade, uwar kuwa tana tsaye a bakin taga tana leƙe.

Tun daga ranar, in na shiga gida, tsohuwa nake fara nema, in kuma ja bakina sai na gama ji. Da na ba Inna labarin, sai ta juya ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya wa waccan ta rage surutu a gidan mutane."