Yadda Za Ki Ɓoye Cewa Ke 'Yar Makahon Bene Ce

'Yar'uwa, in Allah ya haɗa ki da saurayin da danginsa ke zagin mahaifinki duk ranar Asabar, ba su kuma san ke 'yarsa ba ce, to ki gyara zama. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawari za ki kai ƙarshen kakar wasa asirinki a rufe ruf. Ni na gwada su mako takwas cur. Tabbacinsu kamar gashin bakin tarwaɗa ne, ni kuwa aikina ke nan, soya tarwaɗa.

Sunana Neva. Babana, Odell Crenshaw, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a ɗan garinmu na Mississippi. Ranar Asabar kuma, in aka turo shi, sai ya hau bene a filin ƙwallon kwalejinmu, irin ƙwallon nan da ake ɗauka a hannu ana karo sanye da kwalkwali, ya shiga ɗakin gilashi ya zama alƙalin da ke sake duba hoton wasa. Idan alƙalin ƙasa ya jefa ƙyalle rawaya ya ce ɗan wasa ya yi tunkuyi, wato ya sunkuyar da kai ya doki mutum da tsakar kwalkwalinsa kamar rago, Baba ne mai maganar ƙarshe. In ya ce e, an kori yaro daga wasan. Tun bara da ya ce e a kan wani ɗan wasanmu, gari ya raɗa masa suna Makahon Bene.

Saurayina kuwa Lamont Gaddis ne. Ƙanensa Tavares shi ne mai lamba arba'in da huɗu cikin masu tsaron bayanmu. Kin ga matsalar.

Mataki na ɗaya: Ki bar rabin sunanki a mota

Ranar da Lamont zai fara kai ni rumfar da danginsa ke kafawa a bakin fili kafin wasa, sai da ya kashe mota sannan ya ce, “Neva kawai, kin ji? Crenshaw ɗin nan ki ajiye shi a kujerar baya har a gama kaka.”

Ki yarda. Amma ki shirya, domin uwarsa za ta tambaya. Mama Earlene ta dube ni daga takalmi har ɗankunne, ta ce ni 'yar gidan wa ce. Nan take na cusa burodin masara a baki. Masu iya magana sun ce ba a tambayar mai tauna asalinsa. In ma ba su ce ba, ya kamata su ce.

A gida ma ki yi haka. Baba ya san akwai wani Lamont mai zuwa ɗaukata. Bai san Lamont ɗin wane ba.

Mataki na biyu: Kada ki je hannu rabbana

Baki biyu ne ke rufuwa da abinci, naki da nasu. Na kai musu haɗin ayaba da madara a cikin babban kwanon tangaran na marigayiya mahaifiyata, wanda take kaiwa cin abincin coci. Kawu Roscoe, wan Mama Earlene, ya ci sau uku, ya ce yarinyar nan ko ba ta magana a bar ta haka.

In uwar miji ta ce za ta tafi da kwanon gida ta wanke, ki bar mata. Alama ce ta kin fara zama 'yar gida. Da ta dawo min da shi mako na gaba, ta daɗe tana kallona kafin ta sake shi. Na ce a raina, ƙauna ce ta fara shiga.

Mataki na uku: Ki koyi rashin sani

Wannan shi ne mai wuya. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma dokar tunkuyi na haddace ta kafin na iya ɗaure igiyar takalmi, don a teburin cin abincinmu Baba yake bitar ta, da gwangwanin gishiri da na barkono a matsayin 'yan wasa. Duk wannan ki binne shi.

Kawu Roscoe zai yi miki bayani. Zai ce in kwalkwali bai yi ƙara ba, ba tunkuyi ba ne. Bayan minti goma zai ce in ya yi ƙara, ai wasa ne mai kyau. Zai ce a zamaninsu in an doke ka har ka ga taurari, ruwa ake watsa maka ka koma fili, ga shi kuma lafiyarsa lau. Sannan zai kira ki da sunan tsohuwar budurwar Lamont. Ki gyaɗa kai.

Kowane wasa ki tanadi tambayar wauta guda ɗaya. Tawa ta farko ita ce me ya sa ƙwallon yake da tsini kamar gwanda. Kada ki wuce ɗaya, kada su ɗauka Lamont ya kwaso wa kansa aiki.

Mataki na huɗu: Ki zagi mahaifinki ba tare da kin zage shi ba

Da zarar an tsayar da wasa don duba hoto, mutum dubu goma sha biyu za su juya su fuskanci ɗakin gilashi suna ihu. In kika yi shiru, za a gan ki. Ki juya tare da su, ki ɗaga hannu, ki riƙa motsa baki kina cewa “ayaba, ayaba, ayaba.” Daga nesa kamar zagi ne sosai.

Mama Earlene ba ta ihu da yawa, ita nata a zaune take yi, cikin natsuwa, kamar mai tsinke wake. Ta ce karen maƙwabcinta mai ido ɗaya ya fi Crenshaw gani. Ta ce da shi ne mai tsaron jirgin Annabi Nuhu, da giwa uku sun shiga bai lura ba. A mako na biyar ta fiddo tabarau sabo daga jaka, ta ce ta saya masa ne, adireshinsa kawai take nema. Duk ta faɗi ɗaya sai ta waiwayo ta ce, “Ko ba haka ba, Neva?”

Amsar ita ce “uhm.” Ki sunkuyar da kai ki ce “uhm.” Ba e ba ce, ba a'a ba ce. Ki riƙe ta da kyau, ita ce jarinki.

Mataki na biyar: Ki ji tsoron tafiyar hawainiya

Kada ki taɓa bari a maimaita ki. Hoton da aka mayar tafiyar hawainiya ba ya barin mai gaskiya. Ko dattijon coci aka nuna haka yana miƙa hannu zai ɗauki cinyar kaza, sai ki rantse ɓarawo ne.

A sauran laifuffukan wasa, alƙalin bene yana da mafaka. In hoto bai fito sosai ba, sai ya bar hukuncin yadda alƙalin ƙasa ya yanke, kowa ya kama gabansa. Baba ya ce a tunkuyi ne kaɗai babu wannan ƙofa: ko ka tabbatar, ko ka soke. Shi ya sa yake dawowa gida ranar Asabar ya zauna a baranda bai cire takalmi ba. Na taɓa tambayarsa me ya sa bai bar aikin ba. Ya ce shi ba wanda aka doka kaɗai yake karewa ba. “Mai sunkuyar da kai, Neva, shi ne wuyansa ke karyewa.”

Wannan maganar ƙwallo ce. Kada ki ɗauke ta da wata ma'ana. Ki ci gaba da sunkuyar da naki.

Mataki na shida: In ranar ta zo, ki tuna duk na baya

Ta zo a watan Nuwamba, wasa na biyun ƙarshe. Da safen nan Lamont ya ce min gobe Lahadi, bayan coci, zai yi wa mahaifiyarsa maganar aurenmu. Sunan Baba kuma sai a faɗa mata daga baya, in ta riga ta amince. Kwana ɗaya tak ya rage min.

An dawo daga hutun rabin lokaci ke nan, ɗan wasan baƙi ya yi tsalle ya cafe ƙwallo, Tavares ya zo a guje ya yi sama da shi. Ƙarar ta kai har kujerunmu. Fili ya ɗauki sowa, sai ga ƙyalle rawaya a ƙasa.

Kowa ya san lissafin. Tunda a rabi na biyu ne, in aka tabbatar, Tavares ya fita daga wannan wasa, kuma zai zauna a benci rabin farko na wasan mako mai zuwa. Shi ne wasansa na ƙarshe a kwaleji, da manyan abokan hamayyarmu 'yan ƙetaren kogi, wanda yake jira shekara huɗu.

Aka sa hoton a babban allo, aka maimaita ta gaba, ta gefe, ta baya. Ni kallo ɗaya ya ishe ni. Minti uku Baba ya yi a bene, na san kuma ba don bai gani ba ne. Sannan alƙalin ƙasa ya kunna makirufo ya ce an tabbatar.

Tavares ya cire kwalkwali ya nufi ƙofar fita yana tafiya a hankali. Kawu Roscoe ya yi jifa da hularsa, ta faɗa cikin shayin wata mata. Ni ko “ayaba” ta gagare ni.

Mataki na bakwai: Ko me aka yi, kada ki buɗe baki

Mama Earlene ba ta juya wajen bene ba. Wajena ta juyo.

“Ke, Neva. Me kika gani? Kuma kada ki ce min uhm.”

Lamont ya taka min ƙafa. Wannan shi ne lokacin cusa burodin masara, sai dai ya ƙare tun kafin hutu. Na dubi takalmina, na dubi benci, sai na ji wuyana ya gaji. Na ɗaga kai.

“Mama, ya sunkuyar da kai. Saura taku biyu ya daina kallon mutumin. Allah ne ya sa Tavares da ƙafarsa ya fita.” Tunda na fara sai na ƙarasa. “Wanda ke bene kuma babana ne.”

Lamont ya rufe fuska da hula. Mama Earlene ta zunguri wanta da gwiwar hannu.

“Mako takwas, Roscoe. Mako takwas ta ɗauka.”

Ashe ta sani tun Satumba. Kowace mace a garin nan tana manna 'yar takarda da sunanta a gindin kwanonta, don kada ya ɓata a cin abincin coci. Ni na saba ganin ta mahaifiyata har na daina ganinta. Mama Earlene ta kifa kwanon za ta goge, sai ga Crenshaw ɓaro-ɓaro.

“Na ɗauka a mako na biyu za ki tanka min,” in ji ta. “Zagi ya ƙare min, har aro nake yi wajen matan coci. Na fara cewa ɗana ya kwaso wadda za a ci mutuncin ubanta ta ce uhm.”

Ta dubi ƙofar da Tavares ya shige, ta goge ido da bayan hannu. Ta ce tun yana ɗan shekara tara take ce masa ya ɗaga kan nan nasa, bai ji ba, yau ya ji daga bakin da ba zai iya musu da shi ba. Sannan ta ce in gaya wa ubana gobe ya zo cin abinci. Ta ƙara da cewa kada in yi zaton ta janye, na bara dai ba tunkuyi ba ne, kuma makaho makaho ne.

Mataki na takwas: Ki sa wa babanki kujera kusa da ƙofa

Ya zo da kwat ɗinsa na coci. Tavares ya miƙa masa hannu ya matse har na ji ƙas, amma ya tura masa kwanon haƙarƙari. Mama Earlene ta ba shi tabarau a naɗe cikin takardar kyauta. Baba ya saka, ya dube ta, ya ce yanzu ya ga inda Tavares ya gado taurin kai.

Da Lamont ya yi maganar aure, Baba ya ƙura wa faranti ido. Minti ɗaya, minti biyu.

“Kun gani ko?” in ji Mama Earlene. “Ko wannan sai ya duba hoto.”

Baba ya ce ya tabbatar. Sai dai in an zama dangi, ba zai sake zama a bene a wasan kwalejin nan ba, zai nemi a riƙa tura shi wani wuri. Kawu Roscoe ya ajiye ƙashin da ke hannunsa, ya tambaya ko fasto yana da lokacin ɗaura auren gobe da safe.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin duk abin da ya same ki. In an gano ki, in hular wani ta faɗa cikin shayinki, in kin wayi gari da surukar da ke zagin babanki a gabansa yana dariya, ki kuka da kanki, ba ruwana, ban san ki ba. Matakan nan lafiyarsu ƙalau, ke ce dai ba ki duba gindin kwanonki ba.