Sabis ya zo da motarsa, ya koma da motarsa

Jama'a, shekaranjiya da hantsi da kun gan ni da kun tausaya. Ni Lahsen, dattijo mai jikoki, tsaye a kan rufin mota, na ɗaure waya a bakin sandar tsintsiya ina kaɗa ta sama. Shamuwa tana kallona daga kan turken sabis na ƙauyen da muka maƙale a ciki, inda ta yi sheƙarta ta hayayyafa. Ita kaɗai ce ta taɓa cin moriyar wannan turke tun da aka kafa shi lokacin zaɓe.

Masu bin wannan shafi sun san ba ni da gida sai mota. Da na ajiye aiki muka sayar da ɗan gidanmu na Kasabalanka, muka sayi motar nan mai gado da murhu, saboda uwargida Zuhur ta ce tana so ta ga teku da duwatsun ƙasarta kafin yanar ido ta gama rufe mata gani. Likita ya ce aiki za a yi mata. Asibitin kuma sun ci gaba, masha Allah, ba sa kiran mutum a waya, imel suke turowa. In ranarka ta wuce ba ka zo ba, ka koma ƙarshen layi, layin da ya ci mana kusan shekara.

Don haka ba ma nisa da sabis, duk inda muka kwana sai na leƙa saƙo. Tsautsayi ne ya hau da mu wannan ƙauye na kan dutse sayen zuma. Muna shiga aka tare hanyar sauka, wai manyan motoci su dakata, ana shafa wa kwalta baƙi, ana yi wa duwatsun gefen hanya farin fenti. Mai Girma Sarkin Almakashi, babban jami'in nan mai yankan ƙyalle, zai zo buɗe intanet.

Na je wurin Si Mbarek mai shayi, na tambaye shi ina mutanen garin ke samun sabis.

Ya ce, "Sabis kuma? Alhaji, sha shayinka. Mu nan in kana da saƙo, direban motar kasuwa kake ba wa."

Na ce, "To wannan turken fa?"

"Ai na hoto ne. Wannan buɗewar ma ita ce ta uku. Ka yi haƙuri zuwa Alhamis, da sabis ɗinsu suke zuwa."

Na ɗauka zolaya ce irin ta masu shayi. Na gangara wurin shingen da ƙafa, na roƙi mai tsaron, na ce matata na jiran kiran asibiti. Ya dubi motata daga nesa ya ce tayoyinta za su ɓata sabon fenti. Allah ya saka masa, mutum ne mai kishin fenti.

Ranar Alhamis sai ga abin da idona. Kafin ayarin ya iso, wata babbar mota ta riga su, ta fake a bayan makaranta inda kyamara ba ta kaiwa, ta miƙe wani dogon ƙarfe sama. Nan take wayoyin gari suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Ashe sabis ɗin ma irina ne, a mota yake kwana. Bambancinmu kawai, shi ana buɗe masa shinge.

Mai Girma ya fito, an sha turare, ciki ya riga shi isa kan mumbari. Aka ba shi dabino da madara, aka miƙa masa almakashi a kan matashi. Ya ce daga yau babu ƙauyen da aka bari a baya, makiyayi ma zai sayar da akuyarsa ta intanet. Ni dai ina can baya, ina jiran imel ya buɗe.

Ya buɗe. Tun ranar da aka tare hanya suka turo. Aikin Zuhur a ranar Alhamis ɗin ne, da safe, a can birni. Lokacin da nake karantawa, rana ta riga ta take tsaka.

Wallahi raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba tun da na fara surutu a shafin nan. Na fara rubuta musu ban-haƙuri, ban kai ga sallama ba aka yanke ƙyalle, aka naɗe dogon ƙarfen, ayari ya juya. Saƙona ya tsaya a waya yana ta juyi.

Zuhur na zaune a bakin ƙofar mota, ta juya fuska wajen da take jin guɗa. Na faɗa mata. Sai ta tambaye ni ko Mai Girman ya yi kyau. Na ce ƙwarai, har da jan kafet.

Ta ce, "To tafa masa mana, Lahsen. Kai da kake ganinsa."

Na tafa, jama'a. An ce za a sake buɗe mana intanet baɗi, kuma in layin asibiti ya tafi yadda ya saba, ni ne dai zan sake ba ta labarin kafet.