Rasuwar 'Yar Baƙa a Cikin Buhun Masara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda ya ƙi zubar da hawaye a gaban 'yan kasuwa sai da ya iso gida, Bushra Shitu ta Malumfashi take sanar da 'yan'uwa da abokan aiki da duk wanda ya taɓa kiranta ya samu, rasuwar wayarta, wadda gida ya sani da suna 'Yar Baƙa. Ta rasu ranar kasuwa, tsakanin azahar da la'asar, a wurin lodin hatsi na Funtua, bayan gajeriyar jinya a cikin buhun masara.

Marigayiyar ba sabuwa ta zo gidan ba. Bushra ta saye ta a hannu lokacin bautar ƙasa, da 'yar tsaga a kusurwar fuskarta, kuma da wannan tsagar ta rayu har ƙarshe ba ta taɓa kuka da ita ba. Da Bushra ta samu aiki da wani kamfanin sayen masara da waken suya mai ofis a Kaduna, sai aka ce mata babu tebur, babu wayar ofis, daga gida da kasuwanni za ta riƙa aiki, da wayar hannunta. Tun daga ranar 'Yar Baƙa ta zama ofis. Kamfani ya sa mata manhajarsa, ya kuma gindaya sharuɗɗa: a kulle ta da lambar sirri, kada a ba da aronta, kada a kwafe abin da ke cikinta zuwa ma'ajiyar intanet, in kuma ta ɓata, za a goge ta ƙarƙaf daga Kaduna, da nasu da wanda ba nasu ba. Bushra ta karanta, ta fahimta, ta yarda.

Duk wanda ya zauna da marigayiyar zai shaide ta da riƙon amana. A gidan da waya take yawo hannu zuwa hannu kamar ludayi, ita kaɗai ce ba ta taɓa buɗe wa kowa fuska ba. An ce uwar ɗakinta rowa gare ta. An ce boko ya hau mata kai. Wata gwaggo ta yi fushin wata guda don an hana ta kallon hotunan biki. Ba a taɓa barin 'Yar Baƙa a shagon caji ba. In wuta ta yi nisa, Bushra kan zauna a kan bencin shagon, mata su wuce suna kallonta, har batir ya cika. Ranar da bakin cajinta ya lalace, mai gyara ya nemi lambar sirri kamar yadda yake nema a wurin kowa, Bushra ta ce gyaran baki bai bukaci shiga ciki ba, ta tsaya a kansa har ya gama yana gunaguni.

Ba don girman kai aka yi wannan duka ba, ko da yake mai sanarwar ba ta musun tana da nata. Marigayiyar ta san manoman kamfani daga Malumfashi har Musawa. Ta san sunan kowa da ƙauyensa da hotonsa, ta san wanda gonarsa ta yi albarka bana, ta san inda sito yake da ranar da mota take zuwa kwasa. A ƙasarmu, a irin wannan zamani, kowa ya san su wa ke neman irin wannan labari, kuma kowa ya san abin da suke yi da shi. 'Yar Baƙa ta riƙe shi shekaru ba ta furta wa kowa ba.

Amma ba shi ne mafi nauyin abin da ta riƙe ba. A cikinta muryar Malam Shitu take, mahaifin Bushra, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a daminar bara. Malam bai iya rubuta saƙo ba, sai dai na murya, kuma bai taɓa yarda na'ura ta fara ɗauka ba sai ya tambaya. Kusan kowane saƙo da haka yake farawa: "Ya kama? To. Bushira, ni ne, babanki." Daga nan sai labarin ruwan da aka yi, da tsadar taki, da tarin nan nasa, da zakara yana cara a bayansa. Akwai wanda ya aiko ranar da ta fara fita kasuwa da sunan kamfani: "Ki ci abinci kafin ki fita. Kada ki yi musu da dillali da yunwa, zai gane." Inna Maijidda, mahaifiyar Bushra, ita kaɗai marigayiyar take yi wa magana ba a hannun uwar ɗakinta ba. Bushra ta buɗe, ta kunna, ta miƙa mata, Inna ta kara a kunne ta juya wa ɗaki baya.

Ciwon ajali ya zo ne ta hanyar aiki. Bushra ta je duba bushewar masara a kasuwa, kuma ba a duba masara da hannu ɗaya. Ta ajiye 'Yar Baƙa a bakin wani buɗaɗɗen buhu, ta zura hannu har gwiwa a cikin na kusa da shi, ta ciro ƙwayar masara daga ƙasan buhun ta ciza. Masarar ɗanya ce. Ta faɗa. Dillali ya ce 'yar boko ce za ta koya masa masara, ita kuma ba ta saba barin irin wannan magana ta wuce ba. Suna cikin musu masu awo suka zo cika baki, kamar yadda ake yi wa kowane buhu kafin ɗinki. Aka juye tiya a kan marigayiyar, mai basilla ya ɗinke, 'yan dako suka ɗauka. Babu wanda ya yi sata, babu wanda ya yi ganganci. Kowa aikinsa ya yi, kuma da sauri ya yi shi, don tirela tana jira.

Kafin Bushra ta ci musun ta waiwayo, an gama lodi, ana ɗaure tamfol. Ta ari waya ta kira layinta. Duk wanda ke wurin ya ji: kiɗan kalangun da marigayiyar take kuka da shi, can ƙasa, can ciki, kamar mai kira daga rijiya. 'Yan dako suka yi dariya, sannan suka daina. Direban, wani Malam Sanda, ya ce wallahi ya tausaya, amma sauke lodin aikin yini ne, kaya ba nasa ba ne, kuma hanyar nan ba a bari rana ta faɗi a kanta. Ya yi alkawarin zai faɗa wa masu kaya a kudu. Da ta matsa, sai ya faɗi gaskiya: ba wuri ɗaya zai sauke ba, gidajen abincin kaji ne daban-daban, kuma buhu ba shi da suna. Wani zai farke shi, a wani gari, wata rana. Kulle kuwa, kowa ya san ba ya kwana a hannun masu buɗe waya.

Ta kira Kaduna, ta samu Awaisu, mai kula da na'urorin kamfani. Ya yi mata bayani a hankali. Gogewa ba ta yiwuwa sai waya tana da caji kuma tana da sabis. Yanzu tana da duka biyun, gobe ba wanda ya sani. Ya tambaya ko akwai wani abu nata a ciki da ba ta da shi a wani wuri. Ta faɗa masa. Sannan ya ce shi bai riga ya rubuta cewa ta kira ba, in tana so ta bi motar, ko ta jira a ga abin da Allah zai yi, shi bai ji komai ba tukuna.

Mai sanarwar tana so a san ta yi tunanin bin motar. Ta yi tunanin har inda mota za ta tsaya. Ta kuma tuna cewa cajin bai kai rabi ba tun safe, kuma in ya ƙare a hanya, manoman nan da sunayensu da ƙauyukansu za su zauna a cikin buhu suna jiran duk wanda ya farke shi. Waɗannan mutane sun tsaya a bakin gonakinsu ta ɗauke su hoto don sun san 'yar Malam Shitu ce.

"Malam Awaisu," ta ce, "goge."

Ta tsaya a gefen tirelar, hannunta a kan tamfol, har direba ya tayar da inji. Kafin ya ja, ta sake kira. Wayar ta amsa daga cikin masara, amma ba da kalangu ba. Wani kuka ne na sabuwar waya, irin wanda ake fitowa da shi daga kwali, na wadda ba ta san kowa ba. A nan Bushra ta san an yi rasuwa. Ta mayar da wayar aro ga mai ita, ta yi godiya, ta koma ta gama duba masarar da ta rage, don ba za a ce ta gudu daga kasuwa ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja mai naɗin salatif a wuya, wadda har yanzu take maƙale a bango tana jira. Ta bar abin sa wa a kunne mai ji da kunne ɗaya, da tsohuwar rigar roba da ta yi mata yawa. Ta bar manoma masu yawa da ba su san an yi musu komai ba, kuma haka ake so. Ta bar kamfani, wanda ya aiko da saƙon yabo da alkawarin sabuwar waya, Allah Ya saka. Ta bar Inna Maijidda, wadda da aka faɗa mata ta tambaya ko ba a rage ko saƙon Malam guda ɗaya ba, aka ce ba a rage ba, ta tashi ta shiga ɗaki.

Ga masu cewa waya ce kawai, an ji. Ga masu cewa da ma me ya kai mace kasuwar hatsi, Bushra za ta koma ranar kasuwa mai zuwa, za su same ta a bakin buhu. Ga masu tambayar me ya hana ta tura saƙonnin Malam zuwa wata wayar tun tuni, ba ta da amsar da za ta ba su wadda ba ta riga ta ba kanta ba, kuma ana roƙon su bar tambayar a ƙofar gida tare da takalmansu.

Ba za a yi jana'iza ba, domin gawa tana hanyar kudu. Za a yi zaman karɓar gaisuwa a gidan marigayi Malam Shitu da ke Malumfashi, daga hantsi zuwa la'asar, har ranar kasuwa ta zagayo. Kada a kira, an rufe layin. Ba a bukatar gudummawa.

Roƙo ɗaya ne iyalin suke da shi. Malam bai taɓa mallakar babbar waya ba. Aro yake yi: ta maƙwabcin gona, ta mai sayar da taki, ta direban motar kasuwa, ta duk wanda ya zauna kusa da shi a masallaci yana da data. Saboda haka duk wanda Malam Shitu ya taɓa cewa ya ba shi waya zai yi wa Bushira magana, don Allah ya duba kafin ya share tsofaffin saƙonni. In ya samu, ya zo da wayar gida. Ba za a tambaye shi lambar sirrinsa ba. Shi zai buɗe da hannunsa, ya kunna, ya miƙa wa Inna.