Jirgina da Ya Wuce Burkina

Daga Sokode muka je gasa a Dapaong, can arewacin Togo, ina rungume da ƙaramin jirgin saman da na ƙera da kara da takarda. Irinsu ba su da matuƙi. Lagwani ake kunna musu, in ya ƙone zaren wutsiya sai su sauko.

Ni mai yawan karatu, na cire lagwanin don rage nauyi.

"Anya, ɗana?" in ji Alhaji, shugaban kulob ɗinmu.

"Na lissafa komai, Baba."

Jirgin ya zarce na kowa, ya bi ungulaye zuwa iyakar Burkina. Kofi dai na ci, jirgi kuwa sai labari.

Har yau in na ɗauko sabo sai 'yan kulob su ce, "Injiniya, wannan ka yi masa fasfo kuwa?"