Ranar da Na Tsayar da Injin Kawu

A shekarun nan na bayan samun 'yancin kai, ina aiki a injin casar shinkafa na kawuna a unguwar Aboabo da ke garin Tamale, mu bakwai har da shi. Ina da mata da 'ya'ya biyu, don haka ba zan laɓe da ƙuruciya ba.

Wani fim ɗin Italiya aka kawo silimar Tamale. Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma na ga wani mai gashin baki ya hau inji ya ɗaga hannu, ma'aikata suka watsar da aiki suka bi shi titi. Ni ma ina da gashin baki, sai na ga me ya rage mini?

Washegari da rana na haye buhunan shinkafa, na dunƙule hannu na ce, "'Yan'uwa, a kashe inji, yau aiki ya tsaya."

Alhassan mai kula da inji kuwa ya kashe. Kowa ya karkaɗe rigarsa ya fito. Na shige gaba, hannu a sama, har da ƙwalla. Sai da na kai bakin kasuwa na waiwaya, babu kowa. Ashe Juma'a ce, masallaci suka nufa.

Na same su suna alwala. Kawu ya miƙo mini buta ya ce, "Shugaba, buɗe hannun, ba a alwala da shi a dunƙule."

Injin ya daɗe da mutuwa, Kawu ma Allah ya ji ƙansa. Amma har yau, duk Juma'a, Alhassan sai ya dogaro sandarsa zuwa ƙofata ya ce, "Shugaba, ka ba mu izini mu tafi?"